Me ya sa Bature ke kiran saniya "cow" amma namanta "beef"?

Ɗan Mai Tsire:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masana Turanci ce. Ni ɗan gidan fawa ne, mahaifina yana da wurin tsire da balangu a Abuja, ni ke karɓar oda da riƙe lissafi. Masu zuwa saye da kansu "cow meat" ko "goat meat" suke cewa, wannan ba ruɗani. Amma in otal suka aiko da takarda sai ka ga "beef" kilo kaza, "mutton" kilo kaza. Mu a Hausa naman sa naman sa ne, naman rago naman rago ne. Su kuwa dabba tana da sunanta tana raye, da an yanka an feɗe sai sunan ya sauya, ko kama babu. Ga kaza kuma, "chicken" ce a akurki, "chicken" ce a faranti. Ƙa'ida ce, ko haka kawai abin ya zo? Abin ya daɗe yana cina.

Malamin Tarihi, Zariya:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yaƙi ne ya haifar da wannan. A shekarar 1066 William, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya ƙetare teku da rundunarsa ya gwabza da Sarki Harold na Ingila a kusa da Hastings, ranar 14 ga Oktoba. An kashe Harold a fagen fama, aka naɗa William sarki ranar Kirsimeti ta wannan shekarar. Ya ƙwace filaye daga hannun masu sarautar ƙasar ya raba wa mutanensa, su kuma Faransanci suke yi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da gidajen masu hali, talaka ya ci gaba da Ingilishinsa a gona da garke.

To "cow" (saniya), "sheep" (tunkiya), "calf" (maraƙi) da "swine" (alade) duk tsofaffin kalmomin Ingilishi ne, na mai kiwo. "Beef", "mutton", "veal" da "pork" kuwa, wato sunayen namansu bi da bi, daga Faransancin wancan zamani suka shigo, harshen wanda ake kai wa akushi. Ba a kicin kaɗai abin ya tsaya ba. "Court", "judge", "prison", "parliament", duk ta wannan ƙofa suka bi. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi, saboda mutane ba sa fahimtar abin da ake faɗa a kansu a gaban alƙali. Ka lissafa, kusan shekara ɗari uku ke nan bayan zuwan William.

Inna Hadiza, Maraɗi:

Malam ya faɗi gaskiya, mu da muka yi lakwal da Faransanci shaida ne. A wurinmu har gobe "mouton" dabba ce mai rai. In Babbar Salla ta matso za ka ji ana cinikin "mouton", rago ne da ƙahonsa ɗaure a turke yana cin harawa. "Boeuf" sa ne, "veau" maraƙi. Bafaranshe bai raba sunan dabba da na namanta ba, kamar dai mu. Ingilishi ne ya ari kalmar ya ajiye ta wa nama kaɗai. Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka, ka gaida mahaifinka.

Abu Safiyya:

Allah ya ƙara wa Malam sani. Tushen da ya kawo daidai ne, amma ina so in ɗan ja birki a kan zancen mai kiwo da mai akushi, domin an fi son labarin saboda daɗinsa. Wanda ya yayata shi shi ne marubucin nan ɗan Sukotilan, Walter Scott, a littafinsa Ivanhoe na 1819, inda wawan fada yake yi wa mai kiwon aladu wannan bayani. Ƙagaggen labari ne, an kuma rubuta shi shekara fiye da ɗari bakwai bayan yaƙin.

Abin da rubuce-rubuce suka nuna shi ne, "beef" da "mutton" sun fara bayyana a Ingilishi wajajen 1300, ba da saukar Normandawa ba. Kuma da suka shigo ba nama kaɗai suke nufi ba. An daɗe ana kiran shanu masu rai "beeves", jam'in "beef", har ma kalmar tana cikin fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611. Rabuwar a hankali ta faru: kalmomi biyu suna zaune kan ma'ana ɗaya, sai kowacce ta ja gefenta. Shi ya sa, ɗan'uwa, ba ƙa'ida ba ce. Da ƙa'ida ce da "chicken", "lamb", "goat" da "duck" ba su tsira da sunansu ba. Ko da yake kaji ma an ara musu "poultry" daga Faransanci, sai dai ba ta kori "chicken" daga faranti ba.

Tunda oda kake karɓa, ka kula da wannan: in Ba'indiye ko ɗan Pakistan ya ce maka "mutton", ka tambaye shi, domin a can galibi naman akuya suke nufi. Bature kuma yana bambanta "lamb", naman ɗan tunkiya, da "mutton", naman wadda ta manyanta, farashinsu ma ba ɗaya ba.

Ita kanta "meat" ɗin da muke ta ambato, a tsohon Ingilishi abinci take nufi, kowane iri. Ragowar wannan ma'ana tana nan a "sweetmeat", wanda kayan zaƙi ne irin su alewa, babu ko tsoka a ciki. "Deer" ma, wadda yau take nufin wata dabba mai kama da barewa, da can kowace dabbar daji ce, 'yar'uwar "Tier" ta Jamusanci, wadda har yanzu dabba take nufi. Naman "deer" kuma "venison", daga kalmar Latin ta farauta.