Neman shawara: katako mai sauƙin kuɗi a Garwa, da batun ɗaura wa garanda bakin zarto

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin makaranta ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, kafintanci sha'awa ce kawai, Asabar da Lahadi nake ɗan taɓawa a zaure. Ina so in haɗa kantar littattafai da ɗan teburin karatu na yara, amma kuɗin falanki ya fi ƙarfina. Na biyu, wani abokina ya ce in sayi garanda, wato injin hannu na yankan ƙarfe da gurza, in ɗaura mata bakin zarto mai haƙora, wai ta fi injin yankan katako araha. Me kuka gani?

Tsohon kafinta, Ngaundere:
Wa alaikumus salam. Ɗana, don Allah ka cire maganar garanda daga ranka. Ƙaramar garanda tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, don faifan yankan ƙarfe da gurza aka ƙera ta. Ba ta da tafin da zai zauna a kan katako, hannunka ne kawai ke riƙe da ita a iska. Haƙori ɗaya ya cije a ƙulli ko tsohuwar ƙusa, sai ta yi tsalle ta dawo kan yatsu ko cinya kafin ka ƙifta ido. Kuma da yawa sai sun cire murfin kariya kafin bakin ya shiga. Na ɗaure wa wani yaron shago hannu da rawanina saboda wannan aikin, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasawa. Ka auna, ka ja layi da fensir, ka kai wa masu injin tsaga su yanka maka su goge, ka biya ladan aiki. Haɗawa a gida, zarton hannu ya ishe ka. Duk ranar da ka sayi inji kuma: ban da babbar riga ko hannun riga mai lilo, ka sa gilashin ido, kuma in an ɗauke wuta ka zare wayar injin daga soket nan take, don in ta dawo injin da kansa zai tashi.

Mai sayar da katako, Garwa:
Baba ya gama magana. Malam, tsadar da kake gani kuɗin hanya ce. Katakonmu daga dazukan gabas da kudu yake, wajen Bertuwa da Belabo, jirgin ƙasa ko manyan motoci su kawo shi Ngaundere, daga nan a ɗauko zuwa Garwa, Marwa, Kuseri har Njamena. Don kantar littattafai, ka nemi ayus, wato farin katako. Ba shi da nauyi, yana karɓar ƙusa, ya fi sapeli da iroko araha nesa ba kusa ba. Aibinsa gara da ƙwaro, sai ka shafa masa magani kuma kada ƙafarsa ta zauna a ƙasa. Teburin yara ba ya buƙatar dogon falanki, ka tambayi guntaye a shagunan kafintoci, a tsibi ake sayarwa.

Abin da zan fi ja maka kunne shi ne danshi. Katakon kudu da ruwansa yake zuwa. Ka haɗa shi ɗanye, hunturu na shigowa ya tsage ko ya karkace. Ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka taɓa bakin yankan, in da sanyi-sanyi bai bushe ba. Ka jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki, ka ɗora dutse a sama, ya yi makonni.

Wata 'yar uwa, Njamena:
Yaya, mu a nan katakon da ake ɗora kaya a kai a manyan shaguna muke warewa. Ka duba hatimin jikinsa. HT na nufin da zafi aka gasa shi, ba matsala. MB kuwa an yi masa hayaƙin guba, kada ya shiga ɗakin yara.

Ma'aikacin gandun daji, Marwa:
Kada araha ta kai ka sayen maɗaci ko maɗobiya da aka saro a ɓoye. Sare itace sai da izinin ma'aikatar gandun daji, maɗobiya ma tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin itatuwa da dabbobin da ake gudun ƙarewarsu, ta sa wa ido. Ka saya a wurin mai takarda.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na fasa garanda. Alhaji mai katako, gobe bayan la'asar zan leƙo in ga ayus ɗin, a ware mini busasshe in akwai.