Da gaske ne doka ta taɓa zaɓa wa Turawan Ingila likkafani?

Ɗalibin Tarihi: Jama'a sallama. An ce akwai lokacin da ake cin mutum tara a Ingila saboda irin yadin da ya yi wa mamacinsa likkafani da shi. Yaya abin yake, kuma wa ke bincika?

Baba Mai Littafi: Gaskiya ne, ɗana. Majalisa ta kafa dokar a 1666 cewa kada a binne kowa sai cikin ulu, don a raya sana'ar ulun ƙasar a rage shigo da lilin daga waje. Ba ta yi tasiri ba, domin ba mai duba gawa. A 1678 aka ɗaure ta: cikin kwana 8 da binnewa sai wani ya je ya yi rantsuwa cewa ulu aka sa, a kai takardar ga limamin coci ya shigar a rajista. In ba takarda, tara fam 5 ce, rabi na talakawan yankin, rabi na wanda ya kai rahoto. Nan ɗin ne dokar ta yi rauni. Masu hali sai su binne nasu cikin lilin, ɗan gida ya ruga ya kai ƙarar gidansu, ya karɓo rabi, tarar ta koma fam 2 da sule 10. Sai 1814 aka soke ta, alhali an daɗe da yin watsi da ita.

Inna Hajo: A ƙara da cewa dokar ba ta shafi wanda annoba ta kashe ba. Ba mamaki, a 1665 kaɗai takardun mace-macen Landan sun rubuta mutum 68,596 da annoba ta kashe, adadin gaskiya kuwa ya fi haka. Tsofaffin mata talakawa ne ke duba gawa su faɗi sanadin mutuwa, iyalai kuma kan lallashe su su ambaci wata cuta, don gidan da aka ce annoba ce kulle shi ake yi da mutanensa a ciki, a zana jan gicciye a ƙofa, a sa mai gadi.

Ɗalibin Tarihi: Na gode, Baba da Inna. To baƙaƙen kayan takaba fa, su ma doka ce?

Inna Hajo: A'a, wannan tsoron bakin mutane ne. Sarauniya Biktoriya ta riƙe baƙi tun rasuwar mijinta Albat a 1861 har tata a 1901. A zamaninta, matar da ta rasa miji takan yi shekara ɗaya da kwana ɗaya cikin baƙin yadi marar ƙyalli, wanda ruwan sama ke lalatawa, rininsa kuma ya ɓata fata. Bayan nan takabar takan ci gaba, sai a watanninta na ƙarshe matar take komawa tufa mai ruwan toka ko shunayya.