Shawarwarin tsofaffin hannu ga mai son koyon wayarin gida

Masu sana'ar wayarin wutar lantarki da suka tattauna yadda sabon shiga zai koyi aikin sun haɗu a kan cewa aji da fili dole su tafi tare. A makarantar koyon sana'a ake koyon dokar Ohm (alaƙar volt, amfiya da turjiyar waya), lissafin lodi da karanta zanen gini. A hannun ƙwararren oga mai lasisi kuma ake koyon jan waya cikin bututu da haɗa allon bireka. Wanda ya tsallake ɗaya, aikinsa zai tona shi.

Sun fi daɗewa a kan kaurin waya, kuma da gaskiyarsu. Inda wuta take volt 230, galibi waya mai milimita sikwaya 1.5 ake ja wa fitilu da bireka mai amfiya 6 ko 10, mai 2.5 kuma ga soket da bireka mai 16 ko 20. Bireka waya yake karewa. In aka ɗora babban bireka a kan siririyar waya, za ta yi zafi cikin bango har robarta ta narke bai faɗi ba. Haka ma sukurun da ba a ɗaure sosai ba: wurin yana ɗumi, soket ya yi baƙi, sai ƙauri.

Kafin taɓa waya, a kashe bireka, a kulle shi, a gwada na'urar awon wuta a layi mai wuta, a auna wayar, sannan a sake gwada na'urar a layi mai wuta. Tasta mai ƙwan fitila ba abin dogaro ba ce. Su kuma soket, a sa musu RCD (na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare) mai miliamfiya 30 tare da wayar ƙasa (earth).

Launin wayoyi da sharuɗɗan lasisi sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ɗalibi ya riƙe littafin ƙa'idar ƙasarsa.