Yarana suna haɗa katin daidai, amma graf bai zauna musu ba

Malamar lissafi, Gombe: Assalamu alaikum malamai. Don Allah a taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai. Ina koyar da 'yan SS2 a wata makarantar kuɗi a Tudun Wada. Tun zangon da ya wuce mai makarantar ke cewa iyaye na ƙorafi, an karɓi kuɗin kwamfuta amma yara ba sa taɓa ta. Da ma ƙanena da ke karatu a Kashere ya nuna min Desmos, wata manhajar lissafi mai zana graf, lokacin hutu, sai na riƙa koya da daddare in yarana sun kwanta, da datata, ba wanda ya ba ni ko sisi. Na shirya wa ɗaliban aikin haɗa kati a kwamfuta: wasu ɗauke da ikweshon kamar y = 2x + 1, y = x − 3, y = −x + 4, wasu ɗauke da graf, yaro ya ja kowanne zuwa wurin abokinsa. A shafin malami, inda manhajar ke nuna sakamakonsu, kusan kowa ya ci. Da na ce su zana y = −2x + 1 a takarda, yawancinsu layinsu sama ya hau. Ina gizo ke saƙar?

Tsohon malami, Bauchi: Wa alaikumus salam 'yata. Amsar tana cikin tambayarki. Rufe kwamfutar nan ki sayo takardar graf. A WAEC da NECO ba a jan kati, ma'auni za a ba yaro, a ce 2 cm ga ɗaya a layin x, ya cike teburi, ya ɗiga, ya ja da rula. Hannun da bai ɗiga ba ba zai sani ba.

Malamin kwamfuta, Yelwa: Malama, duba katunanki: 1, −3, 4. Kowanne yana yanke layin y a wuri daban, yaro ba ya buƙatar kallon lambar da ke gaban x, inda layin ya yanke kawai zai duba ya ci. Ki sa su yanke wuri guda: y = 2x + 1, y = −2x + 1, y = ½x + 1. Dole ya kalli hawa da gangara. Ki ƙara 2y = 4x + 2, wanda layinsa ɗaya da na farko, da graf ɗaya marar aboki don kada na ƙarshe ya zo a ɓagas. Kuma duk graf ɗin su zama ma'auni ɗaya, misali −5 zuwa 5.

Malamar lissafi, Gombe: Na gode Malam, amma da gangan na sauƙaƙa. Yarana tsoron lissafi suke, in na fara da masu kama da juna za su watsar. Baba, ai na koyar da teburin a allo kafin nan.

Tsohon malami, Bauchi: Koyarwa a allo daban, yaro ya yi da hannunsa daban. Sauƙin nan ne ya cuce su. Mu da alli da rula muka fitar da injiniyoyi.

Malama, Bolari: Ke kin ma ji daɗi da kuke da kwamfuta. Mu ɗakin a kulle yake, makullin na wurin mutum ɗaya, janareto ba mai. Ga albashi sai an shiga wani watan. Da me za a ji?

Malami, Azare: Ni na fi ganin manhajar GeoGebra, tana aiki ko ba intanet. Ki sa silaida biyu, wato maɓallan da ake ja lamba ta sauya, na m da c a y = mx + c, yaro ya ja ya ga layin yana juyawa da m ta wuce sifili zuwa ƙasa.

Malamin kwamfuta, Yelwa: Desmos ma tana da silaidar. Malama, su nawa ne a kan kwamfuta ɗaya? In huɗu ne, mai ƙoƙarin cikinsu ne ke ja, sauran kallo.

Tsohon malami, Bauchi: Ka ga abin da nake faɗa ke nan.

Malamar lissafi, Gombe: Ina zagayawa fa, ba zama nake ba. Kuma ba zan iya sauya manhaja yanzu ba, ranar Litinin mai makarantar zai shigo ajin ya gani. Tambayata, in bar katunan yadda suke in ƙara masu wuyar a shafi na biyu, ko in rushe duka?

Malama, Bolari: Shi mai makarantar zai mayar miki da kuɗin datar?