Ƙanena ya faɗi birebe sau biyu, wurin wa zan kai shi koyon sana'a?

Yaya Babba, Garin Malam:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema, abin nan ya hana ni barci. Ƙanena shekararsa 17, ya zauna birebe, jarrabawar ƙarshen aji huɗu na sakandare, sau biyu bai samu ba, yanzu ya ce shi da lakwal sai dai a lahira. Mahaifinmu ya rasu, ni ce babba, da ɗan cinikin atamfa da nake yi a Kasuwar Dole nan Damagaram muke ci. Tun da sakamako ya fito, daga fada sai fada, shayi har ƙarfe biyun dare. Yanzu wai in samo masa moto ya yi kabu-kabu. Ni kuwa sana'ar hannu nake so ya koya. Amma wace, kuma wurin wa? Tsorona in kai shi inda zai ƙare da sayo wa mutane shinkafa da wake.

Baba Makaniki, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka miki da alheri. Tambaya biyu kika yi, ta biyun ce mai nauyi. Sama da shekara talatin ina riƙe da kile, ban ga sana'ar da ba ta ciyar da mai ita ba, amma na ga maigidan da ya kashe wa yaro shekara biyar a banza.

Ga yadda za ki gane. Duk wanda aka nuna miki, tambaye shi: yara nawa ka yaye, ina garejinsu yake yanzu? In ya lissafa miki, je ki wurin biyu daga cikinsu ki ji daga bakinsu. In ya fara kame-kame yana cewa yaran zamani ba su da haƙuri, yi masa sallama ki wuce. Sannan kada ki faɗa masa ranar da za ki zo. Ki faɗo masa da hantsi, lokacin da aiki ya yi zafi, ki dubi abin da ke hannun yaron da ya shekara biyu a wurin. In kile ne yana kwance inji maigida na tsaye a kansa, wuri ne. In tsintsiya ce ko butar shayi, kin samu amsarki.

Ɗan Karkada:
Baba kun faɗi gaskiya, ni kaina ya faru. Shekara huɗu na yi a wani gareji. Wankin kayan inji da fetur, kai ƴaƴan maigida lakwal, ɗebo ruwa ranar da famfo ya ƙafe, kun dai san halin ruwa a garin nan. Da zarar za a buɗe inji sai a aike ni sayen buji, kafin in dawo an rufe. Ranar da na bar wurin juye baƙin mai da facin taya kawai na iya. Wani tsoho ya ɗauke ni, cikin wata takwas na sa fistin da sagma da hannuna. Yaya, abin da ya cuce ni shi ne babu wanda ya taɓa zuwa daga gidanmu ya tambayi yadda nake. Kada ki kai shi ki juya baya.

Mushe na CFM:
Malama, ni ma in sa baki. Yaron da ya kai aji huɗu na sakandare ba jahili ba ne, ya iya karatu da lissafi, kada a bar wannan jarin ya zube. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati, CFM, waɗanda ba sa neman birebe, har wanda bai taɓa shiga aji ba suna karɓa. Ana koyar da walda, kafinta, ɗinki, wutar gida, gini da gyaran injin ban ruwa, gwargwadon abin da kowace cibiya take da shi. Ki je kuma ofishin FAFPA na jiha. Asusun gwamnati ne da ke ɗaukar nauyin horo, kuma suna da tsarin da yaro ke raba lokacinsa tsakanin atiliyen maigida da cibiya. Ba kullum ake ɗauka ba, sai an buɗe, don haka ki tanadi takardar haihuwarsa da hotuna da shaidar lakwal tun yanzu, kada sanarwa ta fito ki shiga gudun meri.

Baba Makaniki, Sabon Gari:
Mushe, da girmanka, amma an kawo mini yaro da takarda mai hatimi bai san bambancin kile 10 da 12 ba in ya rufe ido. Yara ashirin a kan inji ɗaya, yaushe hannu zai faɗa?

Mushe na CFM:
Baba ban musa muku ba, ƙarancin kayan aiki gaskiya ne, muna fama da shi. Amma ku ma ku yarda da ni a nan: motocin da ke shigowa yanzu na'ura ake jona musu ta faɗi ciwonsu a rubuce. Kunne da hannu ba za su isa yaron da zai yi aiki nan da shekara ashirin ba. Shi ya sa na ce a haɗa biyun. Hannu a wurinku, dalili a wurinmu.

Baba Makaniki, Sabon Gari:
To wannan na yarda. Ni kaina ɗana nake kira in irinsu sun zo.

Mai Kabu-kabu, Kara-Kara:
Tun da an ambace mu bari in faɗi tawa. Ba na zagin sana'ata, da ita na yi aure. Amma ranar farko da ka hau moto da ranar da ka shekara bakwai a kanta, abin da ka iya ɗaya ne. Kullum sai ka kai wa mai moto nasa, ka zuba mai, abin da ya rage ka ci. Ranar da ka kwanta ciwo babu ko dala. Abin da ke jan ƙaninki kuɗin yau-yau ne, yana ganin abokai da ɗari biyar ɗari biyar a aljihu. In ba ki toshe wannan ramin ba, ko wurin wa kika kai shi zai gudo cikin wata uku.

Hajiya Tela, Zango:
Wannan magana ta ƙanena mai kabu-kabu ita ce zuciyar abin. Ƴan mata da samari da yawa sun wuce ta hannuna, waɗanda suka gudu ba wahala ta kore su ba, yunwa ce da kunya. Saurayi ɗan 17 ba ya iya roƙon kuɗin sabulu. Ƙanwata, ki yanka masa wani abu kullum, ko dala arba'in ne, ki ɗauka kuɗin lakwal kike biya. Kuma ki yi maganar kuɗi da maigida tun ranar farko: zai ba shi na abincin rana? Daga yaushe zai fara samun wani abu in ya yi aiki shi kaɗai? Mu Hausawa kunya ke hana mu wannan tambaya, mu kai goro a yi fatiha a watse, bayan shekara uku a zo ana rigima.

Abu na biyu, duk mun yi ta magana babu wanda ya ce a tambayi yaron. Me hannunsa ke so? Akwai wanda ƙarar inji ke sa masa ciwon kai, ka ba shi almakashi ka ga ikon Allah.

Mushe na CFM:
Hajiya ta taɓo wuri mai kyau. Dokar aiki ta ƙasar nan, ta 2012, ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yin ta, kuma ba a ɗaukar yaro ko da aparanti ne kafin ya cika 14. Na san a cikin gari da baki ake yi. Amma ko a takardar kaye ce a rubuta shekara nawa zai yi, me za a koya masa, ranar hutu, da cewa in ya gama za a ba shi shaida. Mai unguwa ko liman ya sa hannu. Maigidan kirki ba ya jin haushin wannan.

Ɗan Tudun Jamus, mai sola:
Yaya, in yana da kan lissafi ki duba harkar wuta da sola. Tun da Najeriya ta yanke wa ƙasar nan kuran a watan Agusta 2023 mutane suka farka, ko da aka maido ba su koma barci ba. Gidaje, shaguna, masallatai, lambunan Mirya da ke ban ruwa da panno, har ƙauyukan da layin kamfanin wuta na NIGELEC bai kai ba. Aikin bai tsaya ga hawa rufi a ɗaura panno ba. Sai ka iya lissafa abin da gida ke ci, firigo nawa, fanka nawa, awa nawa, ka san batir nawa zai ɗauka da kaurin wayar da za ta jure. Rabin gyaran da ake kira na yi, wani ne ya sa siririyar waya ta yi zafi, ko ya haɗa batir kai tsaye ba regilater ya kashe wa mutum kuɗinsa. Nan ne karatun da ya yi zai yi masa rana. Kuma kayan farawa ba su da nauyi kamar na gareji: miltimetir, fensa, turnabis, tsani. Ba sai ya kama shago ba.

Na Birni, baduku:
Kowa na ta inji da wuta, bari in tuna muku garin da muke. Damagaram da fata aka san ta. Har gobe majema na jiƙa fata da bagaruwa, muna rina ja da karan dafi, muna ɗinka jaka da takalmi da alabe. Maƙeran garin nan su suka ƙera wa Sarki Tanimun igwa. Ba na ɓoye muku, kasuwarmu ta yi sanyi tun da baƙi suka rage zuwa, kuma kayan roba sun cika Dole. Amma yaron da ya iya waya, ya ɗauki hoto mai kyau ya sayar har Yamai da Kano, zai ci abinci a nan. Mu tsofaffi hannun ne da mu, wayar ce ba mu iya ba. Ƙofata a buɗe take in yana so ya zo ya gani.

Mai Firigo, Sabon Gari:
Ni lisansi gare ni daga jami'ar nan tamu, shekara uku ina kai takardu ANPE, ofishin neman aiki, daga ƙarshe na tsuguna gaban wani mai gyaran firigo da kilim. Daga Maris zuwa Yuni ba na samun lokacin cin abinci, balle in azumi ya faɗo cikin zafi masu ƙanƙara sun taso. Amma ki sani lokacin sanyi aikin yakan kwanta, shi ya sa na haɗa da wutar gida. Gargaɗi ɗaya: ko ina za ki kai shi, dubi yadda maigidan ke kiyaye lafiyar yaransa. Gas ɗin sababbin firigo, R600a, yana kama wuta. Mai walda kuma in kin ga yaransa na aiki ba gilashi, idanu jajur, kada ki bar ƙaninki a nan. Batun takarda kuwa ina bayan Mushe. Matatar mai ta SORAZ tun 2011 take aiki a hanyar Tanut, irin waɗannan wurare da kamfanonin gini in suna neman mai walda ko mai wuta, shaida suke fara tambaya kafin su ga hannunka.

Ɗan Karkada:
Wasu za su ce a tura shi Kano. Ni dai kada yanzu. In ya yi shekara biyu a nan hannunsa ya faɗa, ya je ya ƙaro. Ɗan 17 a garin da ba mai cewa ina ka kwana, ga shi da ma fada ta fara jansa, ban ba da shawara ba.

Yaya Babba, Garin Malam:
Wallahi na rasa bakin godiya, Allah ya biya ku. Hajiya, maganarku ta sa na kira shi na zaunar da shi, karo na farko ban yi faɗa ba, tambaya kawai na yi. Ashe shi ke gyara wa ƴan fadarsu caja da fitila, kuma fankar ɗakin Inna da na ɗauka mai gyara aka kira, shi ya kwance ta ya canja wani abu a ciki. Ya ce in wuta ce yana so. Kabu-kabun ma don ya daina tambayata kuɗi ne, da ya faɗi haka sai da na yi hawaye. Ɗan Tudun Jamus, kana ɗaukar yara? Kada ka ji haushi, zan yi maka tambayar da Baba ya koya mini.

Ɗan Tudun Jamus, mai sola:
Ba haushi Yaya, haƙƙinki ne. Biyu na yaye, ɗaya yana Matamaye ɗaya yana nan cikin gari, zan haɗa ki da su ki tambaye su ba na wurin. Yara uku ne da ni yanzu, ba na wuce huɗu don in ba haka ba wani zai zama ɗan kallo. Ya zo ya yi sati biyu na gwaji, shi ya gan ni ni in gan shi, kafin a kawo goro. Na rana ina bayarwa. Wata shidan farko ba zai taɓa waya mai kuran ba sai ina tsaye. In Mushe ya samo masa gurbi, ranakun cibiya na sake shi.

Mushe na CFM:
Da an buɗe rajista zan sanar a nan. Ki fara neman takardar haihuwar.

Baba Makaniki, Sabon Gari:
Ɗiyata, in za a rubuta takardar ki kira ni in zama shaida, tun da mahaifinku ba ya nan. Kuma duk ƙarshen wata ki leƙa da kanki, ki ce ya nuna miki abu ɗaya da ya koya.

Yaya Babba, Garin Malam:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Alhamis ranar kasuwa ce ba zan iya barin rumfa ba. Asabar da safe in sha Allah za mu zo tare da shi da kawunmu.

Ɗan Tudun Jamus, mai sola:
Allah ya kai mu. Ya sa takalmi rufaffe, muna da aiki a kan rufi ranar.