Lemon citta da ya tashi a cikin gora: ku faɗi abin da kuka gani

Mai tambaya, daga Kano

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka daɗe suna haɗa lemon citta a gida su faɗa mini abin da suka gani da idonsu, domin abin da ya same ni ya hana ni sukuni. Shekara uku ke nan ina yin sa na sayarwa, kuma hannuna bai canja ba: in kankare ɗanyar citta, in markaɗa ta da kanumfari da ɓawon abarba, in tace da ƙyalle, in zuba sukari da lemon tsami, sannan in ɗura a robobi. Makon jiya na ɗura gora 30 da la'asar, aka ɗauke wuta kafin isha'i, ba a dawo da ita ba sai bayan kwana biyu. Da na buɗe firji sai na tarar robobin sun yi tauri kamar dutse, gindin wasu ya kumbura har ba sa iya tsayuwa. Ina murɗa murfin ɗaya kumfa ta yi tsiri ta wanke mini hannu. Zaƙin ya ragu, yana cizon harshe kamar lemon kwalba, ga wani ɗan wari irin na ƙullin da ya kwana. Na zubar da su gaba ɗaya saboda zuciyata ba ta natsu in sayar wa mutane ba. Me ya jawo haka, kuma shin abin da na zubar ya riga ya zama giya?

Wata 'yar'uwa, daga Kafanchan

Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya mayar da alheri. Ni a gonar citta na tashi, kuma abu na farko da zan ce shi ne a duba wankin. Citta a cikin ƙasa take girma, kuma tsakanin yatsunta akwai lungunan da ƙasa ke maƙalewa, waɗanda kankara da wuƙa ba ta kai wa gare su. Mahaifiyarmu takan ɓalle kowane yatsa daban, ta jiƙa su, ta dirje da soso, sannan ta kankare ɓawon da bakin cokali. Duk ranar da na yi gaggawa na tsallake wannan, lemona ba ya wuce kwana ɗaya a waje.

Irin cittar ma yana da tasiri a ɗanɗano. A wajenmu, daga Kachia zuwa Kwoi da Kagarko, iri biyu aka fi sani: tafin giwa, mai faɗi da launin rawaya, da yatsun biri, siriri mai ɗan duhu. Ni tafin giwa nake sa wa lemo saboda launinsa ya fi kyau a gora. Tun da cutar citta ta cinye gonaki a daminar 2023 citta ta yi tsadar da ba mu saba gani ba, sai masu lemo da yawa suka koma rage citta suna cikawa da abarba da sukari. A nawa ganin, irin wannan haɗin ne ya fi saurin juyawa.

Wani malamin kimiyya, daga Zariya

Hajiya, abin da ya faru da gorunanki sananne ne, kuma na taɓa gwada shi da ɗalibaina. A jikin ɓawon citta da na abarba akwai ƙwayoyin yis na halitta, dangin wanda ake sa wa fulawar burodi da fanke, tare da wasu ƙwayoyin da ke kawo tsami. Idan suka sami ruwa da sukari da ɗumi, sai su ci sukarin su fitar da abu biyu: iskar da ke kumbura gora, da barasa. Shi ya sa zaƙi ya ragu a daidai lokacin da kumfa ta ƙaru. Sanyin firji ba ya kashe su, kwantar da su kawai yake yi, kuma da zarar an ɗauke wuta a irin zafin Kano na Maris da Afrilu, wanda kan kai digiri 40, sai su farka su kama aiki.

Mun ɗura gora uku daga haɗi ɗaya muka ajiye a kan taga. Ta farko ɗanyar citta ce da sukari, ta biyu mun ƙara mata ɓawon abarba, ta uku kuma mun tafasa ruwan bayan tacewa muka ɗura a gorar da aka wanke sosai. Mai abarba ce ta fara tauri, washegari da yamma. Ta farko ta biyo ta bayan kwana guda. Wadda aka tafasa tana nan da laushinta har ranar da muka zubar da sauran. Lemon tsami, wanda mutane da yawa suke zaton yana tsare abin sha, yana rage wasu ƙwayoyin cuta, amma yis yana rayuwa lafiya a cikin tsami. Barasar da ke samuwa a kwana biyu kaɗan ce ƙwarai, sai dai tana ƙaruwa muddin akwai sauran sukari da ɗumi, kuma ba a iya auna ta da harshe.

Wata dattijuwa, daga Katsina

Malam, na yarda da bayaninka, amma ban yarda a tafasa citta ba. Na fi shekara ashirin ina wannan sana'a, kuma tafasasshen lemon citta ɗanɗanon shayi yake yi, wannan yajin mai kama maƙogwaro da ake nema ya tafi. Abin da nake yi shi ne in tafasa ruwa zalla, in sauke, in juye shi da zafinsa a kan markaɗaɗɗiyar citta da kanumfari da masoro, in rufe har ya huce. Bayan na tace sai in bar shi ya zauna kamar awa ɗaya, farin garin nan ya kwanta a gindin roba, in tsiyaye na sama in bar shi. Sukari kuwa ba ya shiga sai ranar da za a sha. Ruwan citta marar sukari yana jure rashin wuta fiye da mai sukari nesa ba kusa ba. 'Yata, ki raba aikinki gida biyu, ki ga bambanci.

Wani ɗan'uwa, daga Maraɗi

A nan Nijar muna ce masa lemu hari, kalmar Zabarmanci ce. Gidanmu ana yin sa da safe, a ƙulla a leda, a jera a kula da ƙanƙara, kuma kafin magariba ya ƙare. Abin da ya rage yara ke shanyewa a daren. Ban taɓa ganin ya tashi ba, saboda ba ya kwana.

Wata ɗaliba, daga Ingila

Ni da gangan na taɓa sa shi ya tashi, don haka bari in ba da nawa labarin. A nan ƙasar tun ƙarni na 18 suke yin abin sha na citta ta wannan hanyar, kuma har yanzu wasu suna yi a gida. Wata maƙwabciyata ta koya mini: a sa cokali ɗaya na gogaggiyar citta da ɓawonta da cokali ɗaya na sukari a kwalbar ruwa, kullum a ƙara irin wannan, har kwana biyar zuwa bakwai, sai ka ga ƙananan kumfa suna tasowa. Wannan ruwan ake ɗiba a zuba a cikin lemon citta mai sukari, a toshe, a bar shi kwana biyu ko uku kafin a kai firji.

Kuskurena shi ne na ɗura a kwalabe na gilashi na manta da su a cikin kabad. A dare na biyar na ji ƙara kamar an fasa taga. Ɗaya ta tarwatse, gilashi ya soke jikin katakon kabad, kuma da a ce akwai yaro a wurin da labarin ya zama wani. Ina roƙon duk mai ajiye lemo a kwalba ya ji wannan da kyau. Roba tana gargaɗi, domin kana matsa ta ka ji ta yi tauri. Kwalba ba ta gargaɗi. Daga baya da na fahimci cewa kumfar nan ba ta zuwa sai tare da barasa, ko da kaɗan ce, sai na daina gaba ɗaya. Yanzu nakan dafa kofi ɗaya na yankakkiyar citta da kofi ɗaya na sukari a kofi biyu na ruwa har ya ɗan yi kauri, in tace in ajiye a firji. Idan ina son mai gas sai in zuba cokali uku a kofi, in matsa lemon tsami, in cika da ruwan soda mai sanyi.

Wani almajirin ilimi, daga Sakkwato

Game da tambaya ta biyu, Hajiya, ni ba mai fatawa ba ne, amma zan faɗi abin da muka karanta da abin da muke yi a gida. Ya tabbata daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma sai ya sa a shayar da shi ko a zubar. Ya kuma tabbata cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Malamai sun ɗauki tafasowa da kumfa da canjin wari a matsayin alamar cewa jiƙo ya fara juyawa. Saboda haka a gidanmu, zoɓo ne ko lemon citta ko kunun aya, idan aka buɗe aka ji ƙarar fitar iska, ba a tsayawa gardama, zubarwa ake yi. Ko naki ya kai matakin bugarwa ko bai kai ba, zubarwar da kika yi ita ce mafi tsira, musamman da yake wasu za ki sayar wa, waɗanda ba su san kwanansa nawa ba.

Wata 'yar'uwa, daga Kumasi

Mu a zango lamurje muke yi, da citta da kanumfari da jiƙaƙƙiyar shinkafa, wasu su ƙara tsamiya. Mutanen gari suna kiransa giyar Hausawa, alhali babu giya a cikinsa. Abin da na lura shi ne gorunan da muke saya na hannu su ne rabin matsalar. Idan an taɓa zuba wani abin sha a ciki, ragowarsa na ɓuya a zaren murfi, sai ya tayar da sabon haɗi cikin dare ɗaya. Tun da na koma wanke murafe daban da ruwan zafi da sabulu, in shanya su a rana, asarata ta ragu sosai.

Mai tambaya, daga Kano

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Mama ta Katsina na zuba tafasasshen ruwa a kan cittar, na cire ɓawon abarba daga haɗin, na kuma wanke murafe kamar yadda 'yar'uwata ta Kumasi ta ce. Ranar Talata na tace lita goma ban sa sukari ba, na ajiye a babbar jarka. Wuta ta sake tafiya kwana ɗaya da yini. Jiya da safe na matsa jarkar na ji ta da laushi, na buɗe babu ƙara babu kumfa, yajin kuma yana nan. Na ɗebi lita huɗu na sa wa sukari da lemon tsami, na ɗura gora takwas, na sayi ƙanƙara a maƙwabta, kuma kafin la'asar sun ƙare. Sauran lita shidan suna cikin jarka, gobe zan sake matsa ta in gani.