"Akuyar ɗaure ta samu sake": laifin akuya ne ko na mai turke?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. A wani gidan suna, wata dattijuwa ta ga yarinyar da ta dawo daga makarantar kwana tana ta rawar kai, sai ta ce, "Akuyar ɗaure ta samu sake." Uwar yarinyar ta ɗaure fuska, har aka watse ba ta sake cewa uffan ba. Ni ban ɗauke shi zagi ba. Wa ake suka da wannan karin magana, yarinyar ko iyayenta?

Ɗan Ƙauye: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sai an san yadda ake kiwo kafin a gane maganar. Da zarar shuka ta fito da damina, mai unguwa kan sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, don kada ta shiga gonar mutane. Akuya sai ta yi watanni a turke, ana yanko mata ciyawa, ana ba ta dusa. Ranar da aka gama girbi aka kwance ta, ku ga ikon Allah. Ba ta tsayawa ta ci abin da ke gabanta. Ta ciji harawa ta bari, ta haye danga, ta faɗa tsakar gidan maƙwabta ta kifar da ƙwaryar hatsi. Wata ma takan ci dawa ta wuce kima, cikinta ya kumbura, sai an yi da gaske a ceto ta. To, mutumin da aka daɗe ana tsarewa, ya samu dama ya rasa inda zai tsaya, shi ake nufi. Sukan a kan akuya yake.

Malamar Firamare: Malam, ban yarda duka ba. Ai ba a ce "akuya ta samu sake" ba, an ce akuyar ɗaure. Wadda ta saba fita kiwo kullum ba ta wannan haukan, ta san hanya, ta san lokacin dawowa. Shi ya sa uwar ta ji zafi: an faɗa mata a fakaice cewa ta matse 'yarta har ba ta iya zama cikin mutane ba. Ina ganin haka a aji. Yaron da ba a bari ko ƙofar gida ya leƙa, shi ne ya fi kowa wahalar sarrafawa lokacin tara.

Ɗan Ƙauye: Amma Malama, ɗaurin nan ba mugunta ba ne. In ba a ɗaure ta ba, gonar wani za ta cinye, a kai ku gaban mai gari ku biya ɓarna.

Malamar Firamare: Gaskiya ne, sai dai ɗauri iri-iri ne. Akwai gajeriyar igiya a gindin turke, akwai dabaibayi irin na jaki, yana tafiya amma ba ya iya gudu, akwai talala, doguwar igiyar da dabba za ta zagaya ta yi kiwo. Tarbiyya ta fi kama da talala.

Baba Na Fagge: Ku tuna 2020. A watan Afrilu aka kulle Kano saboda korona, ga azumi ya kama. Da aka fara sassautawa ranakun Litinin da Alhamis don a sayi abinci, duk wanda ya je kasuwar 'Yankaba ya ga turmutsutsu, ba tazara ba komai. Mutane da yawa sun yi ta faɗin wannan karin magana, ni kuwa raina bai so ba. Magidancin da tukunyarsa ta kwana uku ba ta hau wuta ba, ba zumuɗi ya fito da shi ba, yunwa ce. Ba ko'ina maganar ke shiga ba.

Bamaraɗe: Baba ya yi gaskiya. Kuma ba kowane ɗaurarre ke fita hayyacinsa ba. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 an yi wa Alhaji Shehu Shagari ɗaurin talala har 1986, ya fito ya koma gida ya zauna shiru. A nan Maraɗi mun fi jifan wanda ya samu kuɗi dare ɗaya da wannan karin magana, ko ɗan ƙauyen da ya shigo birni ya rikice.

Maman Hanifa: To ana iya faɗa wa babba?

Baba Na Fagge: A'a, 'yata. Daga sama take gangarowa: kaka ga jika, uwa ga ɗa, ko tsakanin abokan wasa. Yaro ya kwatanta na gaba da shi da akuya, ko da maganarsa gaskiya ce, ya yi rashin kunya. Ko sa'anka ne, in daga gidan yari ko gadon asibiti ya fito, kame bakinka, ka yi masa barka da arziki kawai.